Kwanon Tagulla a Kan Kunnen Agogo

Lahadi, 24 ga watan Bhadau

A yafe mini, littafin lissafi ne na taɓa shafukansa na baya. Wace ce ni da zan ajiye labarin kaina? Amma in na yi shiru ƙirjina zai fashe.

Didi Anjana, wato Yaya Anjana, injiniya daga birni, ta kafa na'urar jin girgizar ƙasa a ɗakin ajiyar makarantarmu. Akwai wani baƙin akwati tare da ita, wai agogo ne, ba fuska ba hannu. Kunnensa na kan rufi, fari, kamar rabin lemo. Daga taurarin ɗan'adam yake karɓar lokaci. Ni aka ba makulli, don rubutuna na da tsabta.

Litinin, 25 ga Bhadau

Ta koya mini. Waya mai haƙora tara ta haɗa akwatin da tsohuwar kwamfuta. Na buga T, na danna babban maɓalli, sai ga amsa: 04:15:07. Agogon bango kuwa ƙarfe goma. Na ce ya makara. Ta yi dariya, ta ce, "Baini, ƙanwata, lokacin duniya ne. Mu ne gaba da awa biyar da minti arba'in da biyar."

Harafi ɗaya! Ni 'yar mai awaki na tambayi sama, sama ta amsa.

Didi Anjana ta ce in alamar tambaya ta fito gaban lambobin, agogon ya kurumce ke nan, abin da na'urar ta ji ba zai haɗu da na na'urorin da aka kafa a sauran makarantu ba. In aka kwana bakwai a haka, za ta kai ta wani ƙauyen.

Litinin, 1 ga watan Asoj

Ranar bikin Bishwakarma, abin bautar masu sana'a, kayan aiki suna hutu. Baba ya shafa wa laujensa jan garin ibada. Hedimasta, Malam Tek Bahadur, ya rataya wa kwamfuta furanni, har rufi ya hau da kansa. Ban taɓa komai ba.

Talata, 2 ga Asoj

Alamar tambaya.

Laraba, 3 ga Asoj

Sau goma sha ɗaya na buga T. Na zare wayar, na hura, na mayar. Ƙawata Menuka ta ce, "Saurayin naki na sama ya daina kula ki?" Ban yi dariya ba.

Alhamis, 4 ga Asoj

Daga tudun bayan makaranta na hango. An kifa wa kunnen kwanon tagulla, an zagaye shi da furanni. Malam Tek ne. Mutumin da ko gaisuwa na yi masa sai muryata ta shige ciki. Saura kwana huɗu.

Juma'a, 5 ga Asoj

Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinsa ina juyawa. Na huɗu ya kama ni.

"Phulmaya, gadin ƙofar aka ba ki?"

"Malam, kwanon nan... ya toshe masa kunne."

"Kwanon mahaifiyata ne fa. Saboda ƙanƙara na rufe shi."

"Na sani, Malam. Amma muryar taurarin daga nisan kilomita dubu ashirin take zuwa. Kafin ta iso ta gaji, ba ta iya ratsa tagulla."

Sai ya tuɓe takalmi ya hau tsani, ya ɗauke kwanon. Daga sama ya yi ihu, "To, tambaye shi!"

T. Alamar tambaya. T. Tana nan. 'Yan ajinmu sun cika taga. Can sai ga 07:02:41, tsaf, babu komai a gabansa. Menuka ta mintsine ni har wurin ya yi ja. Na ɗaga kai ta taga, rana tsaka, ba abin da ake gani sai shuɗi. Amma taurarin suna can.

Lahadi, 7 ga Asoj

Na rubuta wa Didi Anjana wasiƙa, shafi biyu. Rahoto ne kawai. To, na ɗan tambaya wa ke saita wa taurarin nasu agogon, da abin da ake karantawa kafin a zama irinta. Ba wai don komai ba.

A ƙasa na sa: "Didi, in ba zan dame ki ba, ki yarda in sake rubuto miki. Na bar tambaya tara ban yi ba."