Guɗar da Na Rangaɗa a Jarrabawar Kamal

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki.

Inna, 'yarki ta kwafsa a Manchester, kuma ke kaɗai za ki fahimce ni.

Kin tuna autana Kamal, da kike cewa kukansa zai tsaga kwanon ɗaki? To, muryar nan ta zama sana'a. Opera yake koyo, wasan Turawa da ake yi da waƙa, shi ne mai muryar maza ta sama, wai tena. Shekara uku ina fushi don ya bar karatun harhaɗa magunguna. Ban taɓa zuwa sauraronsa ba sai ranar jarrabawarsa ta ƙarshe, da Babansa, Alhaji, ya lallaɓa ni muka hau jirgin ƙasa daga Birmingham.

Ya rera waƙar wani mutum da masoyiyarsa ta tafi ta bar shi. Da Italiyanci ce, ko kalma ban tsinta ba, amma na ji ta har cikin raina. Ya ja murya can sama, ya yi shiru. Na ɗauka ya gama. Inna, sai na kama hanci na rangaɗa guɗa irin taki! Ashe numfashi yake ja. Mai kaɗa masa fiyano ya daskare, malamai masu ba da maki suka waiwayo. Yaron ya ƙarasa waƙar a hankali, kamar mai raɗa.

Muna komawa gida musu ya kaure. Alhaji wai guɗata ce ta kashe masa gwiwa, don manyan mawaƙan da yake kallo a waya da ƙarfi suke rufe wajen nan, har jijiyar wuya ta miƙe. Na ce haba Alhaji, wanda kewa ke ci ina ya ga ƙarfin ihu? Ai hakan ya fi ratsa zuciya. Baki na musu, amma a raina tambaya ɗaya ce. In na kayar da shi fa?

Kwana huɗu ko waya. Ran Juma'a sai ga shi a gidanmu na unguwar Perry Barr, ya ci jarrabawar! Da gangan ya sassauta muryar, wata biyu yana gwada hakan. Malami ɗaya dai ya so a yi da ƙarfi, har yau Alhaji da shi yake kafa hujja.

Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni da gurguwar Hausarsa, wai tun da ya fara waƙa guɗar nan yake jira. Na yi kuka, Inna, har da majina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yi wa jikanki albarka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Taki har abada,
Hadiza