Riyalan da na hana a jefa ƙasa

Assalamu alaikum Malam Edita, da masu karatu. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma wanda zai zage ni ya bari sai ya kai ƙarshe. Ni dattijo ne daga wajen Burumburum, a ajin yaƙi da jahilci na koyi wannan rubutun, a yi haƙuri da shi.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana shanu, ni da ƙanena, wanda zan kira Ilu. Shekarar nan ciwon bushiya ya yi wa shanun makwabtanmu ɓarna, sai na ce masa dabba mutuwa take yi, azurfa kuwa ba ta ciwo, ba ta cin ciyawa. Akwai wani baƙon falke da ke kawo tsofaffin riyalai masu hoton mace, irin waɗanda matan Fulani ke ratayawa, yana cewa an daina buga su, kullum daraja za su ƙara. Ilu bai so ba, har ƙwalla ya yi ranar da aka kora jar saniyar Baba. Amma ya ce, "Yaya, kai ne babba." Muka sayar, na saya, na zuba a tukunya.

Bayan damina biyu na ɗebe su a ɓoye na kai wa wani maƙerin farfaru mai aikin azurfa a Kano, don in ji nawa suka kai. Bai ko dube su ba. Ya riƙa sakin su ɗai-ɗai a kan uwar maƙera. Ƙalilan suka yi ƙara mai daɗi, sauran suka faɗi dif kamar ɓawon rogo. Ya ce dalma ce aka shafa wa ruwan azurfa. Falken kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba.

To da a ce na faɗa wa Ilu da na dawo, da yanzu an manta. Amma da wane baki? Ni da na cika gari da cewa na fi kowa dabara? Abin da na yi ya fi wannan muni. Na tsince na gaskiyan na sayar, na mayar da sauran tukunya, na yi wa ɗakina rufin kwano, na ce ribar gyaɗa ce. Ilu da kansa ya hau sama ya kama mini aikin.

Daga nan na kafa doka a gidan: ba a jefa riyal ƙasa, ba a haɗa biyu su bugi juna, wai yana kore albarka. Ƙarya ce na ƙaga don kada wani ya ji sautinsu. Yau fiye da shekara ashirin, kowace Sallah sai a shimfiɗa farin ƙyalle a fito da su, yara su zagaye, kowa da wanda ya sa wa suna. Bara jikar Ilu ta saki ɗaya a kan tabarma, uwarta ta kwaɗe ta har ta yi fitsari. Ina zaune ina kallo. Wane irin mutum ne wannan?

Yanzu Ilu ya yi niyyar Makka. Gwiwoyinsa sun fara gazawa, ya ce in bai tafi bana ba, ba ya jin zai iya doguwar tafiyar mota. Bai taɓa neman rabonsa ba, ko a shekarar da fari ya cinye masa dawa, yana cewa na Hajji ne. Ya riga ya zaga dangi har Doguwa yana sallama, yara sun fara kiransa Alhaji yana dariya. Kwanon ɗakina ya yi tsatsa, gonata ko na sayar ba za ta kai shi rabin hanya ba.

Shekaranjiya ya zo ya durƙusa a gabana, da furfurarsa. Ya ce ranar Asabar mu kai tukunyar Kano tare. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Yaya, ranar da aka sayar da shanun nan na yi maka mummunan zato a zuciyata. Ka yafe mini kafin in tafi."

Na ce na yafe. Wallahi haka na ce.

Jama'a, in faɗa masa a gida, ko in bari ya ji a kan uwar maƙera? Me zan yi?