Ciyawar Gonar Baba Shu'ibu

Yaya Yunusa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Najwa da yara, yaya zafin Fatakwal? Saƙon magani ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Na ba direban motar kifi wannan takarda ne don tun da idon Baba ya tafi kunnensa ya ninka. Ko a bayan rumbu na ɗaga waya sai ya maimaita mini abin da na faɗa.

An cire gyaɗa lafiya. Amma ka san gonar nan ta bakin fadama, ruwan kogi ya ja ya bar mata danshi, sanyi na shigowa ciyawa ta taso kamar an shuka ta. Kashin yawo ne, ƙarangiya ce, ga gyauron gyaɗar da ta zube. Baba ya ce in aka bari suka zubar da iri, baɗi ciyawa za mu noma, gyauron kuma shi ke raya ƙwarin darɓa har damina. Kullum da hantsi sai ya ɗauki sanda ya bi gefen rafi, ya tsuguna yana lalube yana tugewa. Da yatsa yake gane kowacce. Jiya ya dawo hannu duk ƙaya, ina cire masa yana yi mini dariya wai hannuna ya yi laushi.

Tsoro nake ji, amma rabon da in ga yana cin tuwo haka tun rasuwar Inna.

Ƙanwarka,
Safara'u

*

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, muna gode miki da ɗawainiyar Baba.

Takardarki ta hana ni sukuni. Makaho a bakin rafi shi kaɗai, ke kuma kina ba ni labarin tuwo. Na so in aiko da maganin feshi, sai na tuna awakin unguwa a can suke kiwo, kuma Baba ba zai yarda ba.

Ga shawarar da na yanke, ki karanta masa yadda take. Zan zo kafin azumi. In na tarar ya iya gonar, ta gyaru, na sakar masa mara. In na tarar ciyawa ta fi ƙarfinsa, zan ba masu shinkafa ita haya, shi kuma ya dawo gidana na cikin Hadejia ya huta. Ba don ƙi na faɗa ba, ban son a kira ni a ce an tsamo shi a ruwa.

Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki,
Yunusa

*

Yaya Yunusa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an tashi lafiya.

Na karanta masa. Da na gama ya ce, "Yaron nan ya yi adalci." Washegari tun kafin in dama koko ya fita.

Gaskiya ba zai iya ba, Yaya. Yana gama gefe guda, na baya ya sake tsiro. Na je na tsaya daga nesa ina kallonsa, ya wuce wani cincirindon kashin yawo da taku ɗaya bai sani ba, har sai da na yi hawaye.

Malam Isa maƙwabcinmu na gona ya gan ni. Ya ci gaba da aikinsa. Da la'asar, bayan Baba ya koma gida, sai ga shi da 'yan'uwansa. Na ce ba ni da abin sallamarsu, ya ce, "Safara'u, iri in ya zuba ai bai san iyaka ba, gonata nake karewa." Na san kara ce kawai yake yi mini, don iskar ba ta wajensa take kaɗawa ba.

Yanzu haka ake yi. Da hannu suke tugewa don kada Baba ya ji sawun fartanya, su kwashe su ƙone can nesa, su bar masa daidai abin da zai yini a kai. Shi kuwa sai ya dawo yana cewa bana ciyawa ba ta da ƙwari. Matar Malam Isa ma ta mayar da wankinta bakin rafi da hantsi, idonta na kan Baba.

Ban ɓoye maka ba don kai yayana ne. In ka zo za ka ga gona fes. Ina roƙonka ka gan ta, ka yi shiru.

Taka,
Safara'u

*

Ɗana Yunusa,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Safara'u ke rubutawa, na ce kada ta rage ko kalma.

Gona ta gyaru, amma ba ni na gyara ba. Tun makon farko na gane. Ina sa hannu in ji ƙasa a buɗe inda ban taɓa ba, kuma Isa bahago ne, tugunsa hagu yake kwantawa. Na yi shiru ne don sun sha wahala wajen ɓoyewa, ban so in ɓata musu.

Sharaɗinka dai ban cika ba, ba kuma zan ci gona da ƙarya ba. Abu biyu nake roƙo. Kada ka ba masu shinkafa, ka ba Isa ya noma. Sannan ka ce masa ya bar mini kunyoyi biyu ta wajen hanya, kada kowa ya taɓa musu ciyawa. Waɗannan zan iya.

Mahaifinka,
Shu'ibu