Baba Yana Son Ganin Tankunansa, Ƙannena Suna Son Lilo

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ce babba a gidanmu. Babanmu mai walda ne, tankunan ruwa na sama yake haɗawa. Tun bara ya yi wa ƙannena alkawarin in an yi hutu zai kai mu babban filin wasan nan mai lilo da jirgin ƙasan yara. Autarmu kullum sai ta auna tsayinta a jikin ƙofa, wai kada a hana ta hawa babban lilo.

Watan jiya na raka Baba asibitin ido. Likita ya ce jijiyar idon ta taɓu, ganin zai yi ta raguwa, magani sai dai ya rage wa ciwon gudu. A hanyar dawowa Baba ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, har Mama, sai mun dawo daga tafiyar.

Yanzu ya ce yini ɗaya za mu yi a filin wasan, sauran kwanakin mu zaga garuruwan da ke kusa, wai akwai tsohuwar gada da bakin tafki. Ni na san tankunan da ya haɗa a garuruwan nan yana saurayi yake son sake gani. Ƙannena sun kumbura. Mai bi mini ya sa wa tafiyar suna ziyarar tankuna, har yana tambaya wace tsaraba za mu kai musu. Mama ta ce Baba ya cika son kansa. Shi dariya kawai yake yi, ni kuwa in shige banɗaki in yi kuka. Shekaranjiya Baba ya tsiyaya shayi a gefen kofi, aka yi ta tsokanarsa. Kuma, Anti, shi zai tuƙa mu. In faɗa, na ci amana. In yi shiru, ina kallo ana yi masa rashin adalci.

Babbar Yaya

'Yata, kayan nan sun fi ƙarfin kai ɗaya, kuma kin yi ƙoƙari.

Mu fara da abin da ba ya jira: mahaifinki ba zai tuƙa ku ba sai likitansa ya yarda. Amana ba ta kai ga ran mutane ba.

Na fahimce shi. Yana son tafiya ɗaya wadda ba a kallonsa da tausayi. Ƙannenki ma ba su da laifi, alkawari aka yi musu, kuma ba su san abin da kika sani ba. Amma ranar da suka sani, tsokanar nan za ta daɗe tana cin su. Mamarki kuwa ta fi kowa haƙƙin sani.

Ki same shi shi kaɗai, cikin ladabi. Ki ce ya gaya wa Mama da bakinsa kafin a tashi, ke za ki zauna kusa da shi. In ya ƙi, ki sanar da shi ke za ki faɗa, kada ki yi a bayan idonsa. Yaran kuma, shi da Mama su yanke yadda za a gaya musu.

Tafiyar kuma kada a fasa. Ku nemi wani ya tuƙa. Ku fara da filin wasan, a ƙara musu yini in da hali, don shi ma yana bukatar ganin fuskokinsu a wurin. Garuruwan ku shiga da safe, ido bai gaji ba. A gindin kowane tanki ki tambaye shi yadda aka ɗaga shi, ki bar yaran su ji.

Zai yiwu ya yi fushi da ke. Ki jure, fushin uba mai wucewa ne. Allah ya ba shi sauƙi, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinku