Lawali, Motarka Har Yanzu Ba Ta Da Inji

Zuwa ga abokina kuma abokin wasana, Lawali Badamagare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ina gaida Damagaram baki ɗaya, tunda ba ta kai girman da za a gaishe ta unguwa-unguwa ba.

Da gangan na sa wasiƙar nan a zaurenmu na intanet. A waya ba ka barina in kai ƙarshen magana: ko katina ya ƙare, ko ka ce layi ba kyau daidai inda na fara yin galaba a kanka. A nan kuwa dole ka taka zuwa shagon kwamfuta, ka jira a kawo wuta, ka karanta har ƙarshe ba tare da ka katse ni ba. 'Yan zaure da za su leƙa, ku yi haƙuri, maganar mota ce. Aƙalla da ita zan fara.

Motarka tana nan bayan gidana a unguwar Glenwood, nan Greensboro, inda muka turo ta da hannu. Don waɗanda ba su san ta ba: tsohuwar motar Amurka ce ƙirar 1970, mai ƙofa biyu da dogon hanci, irin waɗanda aka ƙera lokacin da mutanen ƙasar nan suke ganin fetur ba zai taɓa ƙarewa ba. Launinta ya taɓa zama kore. In ka ɗaga bonet ba abin da za ka gani sai rami, ramin da ka taɓa tsayawa a ciki da kofin shayi ka ce in ɗauke ka hoto. Kurege ya tare a ciki tun bara. Matata, Maman Fati, ta mai da rufin wurin shanya barkonon da ta shuka, kuma ta ce wannan ne amfani na farko da aka samu daga gare ka tun da ta san ka.

Ka tuna ranar da ka saye ta? Mai ita ya ce a zamanin ƙuruciyarta ƙarfin doki sama da ɗari uku gare ta. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce motar kawunka doki goma sha ɗaya aka rubuta a takardarta, kuma tana ɗaukar rabin ƙauye da awakinsu zuwa kasuwa. «Malam, ko dai dawakin Amurka ba sa cin abinci, ko Baturen nan ya raina mu.» Ni kuma, kamar yadda na saba, na tafi laburaren jami'a na dawo maka da bayani: Faransawa dokin haraji suke rubutawa, Amurkawa kuma dokin ƙarfi. Sai ka ce, «Ashe mu na biya ake ƙirga mana, su na gudu.» Na karanta littattafai da yawa a kan mulkin mallaka, Lawali, ban ga wanda ya taƙaita shi haka ba.

Daga ranar muka fara gardamar da ta riƙe mu shekaru. Inji biyu ne. Akwai ƙarami, wanda ake kira 350, akwai babba, 454. Dukansu silinda takwas ne, amma ƙaramin yana shiga ramin nan cikin ladabi, ba a taɓa komai, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Babban kuwa baƙo ne mai nauyi: sai an ƙarfafa ƙafar gaba don kada motar ta durƙusa, sai an sa babban lagireto, sai an sake giyabos, sai an gyara birki don abin da ya tashi ya iya tsayawa. Ni ina bayan ƙarami. Kai kana bayan babba. Daga ni har kai ba wanda ya taɓa kwance ko fulogi ɗaya a rayuwarsa, amma wannan bai rage mana ƙarfin murya ba. Ni daga littafi nake kawo hujja, kai daga hotunan mujalla.

Kana cewa, «Bakano ko jirgin sama aka ba shi kyauta, sai ya tambayi lita nawa yake sha.» Ina cewa Badamagare in ya ga abu babba sai hankalinsa ya tashi, don bai saba gani ba.

Kuma kana da shiri. Ranar da aka ɗaura 454, da safiyar Lahadi za mu bi ta unguwar Irving Park a hankali, gilashi a ƙasa, mu wuce ta gefen filin da attajirai suke buga ƙaramar ƙwallon nan tasu. Daidai lokacin da wani tsoho ya ɗaga sanda, sai ka taka totur sau ɗaya. Ba ka son komai daga gare su. So kake kawai ƙwallo ɗaya ta kauce saboda ɗan tasi daga Damagaram.

Sai aka bugo Inna ba lafiya. Kowa ya san takardunka sun daɗe da ƙarewa, kowa kuma ya gaya maka cewa in ka fita ƙofar za ta rufe a bayanka, shekara goma. Ka saurari kowa, ka je ka sayi tikiti. Ni na kai ka filin jirgi. Duk tsawon hanya maganar salansa ka yi ta yi min, wai biyu za a sa wa motar, ni ma na biye maka, don dukanmu mun san in muka bar maganar salansa ba mu da wadda za mu iya yi.

Inna kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, tana ganin fuskarka ta tashi zaune ta nemi fura. Yanzu ina jin har kasuwa take zuwa, tana yi maka faɗa ka rame. Na yi murna ƙwarai. Na kuma ji haushin tsohuwar nan kaɗan, kada ka gaya mata.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wayarmu ta makon jiya ka ce min, kamar mai aiken a sayo masa gishiri: «Malam, ka sa wa motar ƙaramin injin kawai, ka turo min ita ta Kwatano. A nan ba mai iya ciyar da babban.»

Tun lokacin ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki takardun ɗalibai zan duba, sai in ga na karanta shafi ɗaya sau da yawa ban san me yaron yake cewa ba, ko da yake wannan ba lallai laifina ba ne. In na fita sayo madara, sai in tsinci kaina a titin High Point Road ina bin filayen sayar da motoci ɗaya bayan ɗaya, ina kallon manyan motoci jere da rubutun ragi a gilashinsu. Galan ɗin fetur ya kusa dala huɗu bana. Kowa neman rabuwa yake da babban inji. Duk hujjar da na yi shekaru ina kawo maka, yanzu a allon kowane gidan mai aka rubuta ta da manyan lambobi. Ya kamata in ji daɗi.

Na je wurin tsohon nan mai filin tsoffin motoci a bayan gari, wanda ke kiranka Larry. Ya tambaye ka. Rufe wurin zai yi ya koma gun 'yarsa, kuma injinan biyu suna nan ƙarƙashin tamfol, gefe da gefe, kamar yadda muka bar su. Ya ce wani ya taya babban, zuwa Asabar in ban yanke ba zai sallama masa. Na ɗaga tamfol ɗin na tsaya ina kallo kamar na san abin da nake dubawa. Na koma washegari. Na sake komawa. Karensa ya daina yi min haushi.

Na kai maganar gun Malam Awudu, makanikenmu ɗan Kumasi, wanda shi zai ɗaura ko wanne ne. Ya ce in motar Afirka za ta, ƙarami. In nan za ta zauna, duk wanda raina yake so. Bai san abin da ya faɗa ba. Shi ya cusa kansa cikin bonet ɗin wata motar, ni kuma na tsaya riƙe da makullina kamar wanda aka karanta wa hukunci.

Don maganar ke nan, Lawali. In na sa ƙarami, za a loda ta a kwantena, ta bi ruwa, bayan gidana ya zama fili, kai kuma ka zama mutumin da ya taɓa zama a Greensboro. In na sa babba, tana nan, tana jiran mai ita. Sai na kama kaina ina yi wa Maman Fati lacca a kan darajar 454, ni, da bakina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, «Ba inji kake zaɓa ba, Malam. Ka ci abincinka.»

Kuma ba baƙin cikinka ne ya dame ni ba. Da na ji baƙin ciki a muryarka da na san abin yi: in lallashe ka, in nemo lauya, in ce shekara goma ba komai ba ce. Amma ban ji ba. Na ji yara suna wasa a bayanka. Na ji wata mace ta kira sunanka, ba kuma muryar Inna ba ce, ka amsa mata da wata irin murya da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Ka ba ni labarin shagon da ka buɗe, da wanda ya mutu, da wanda ya haihu, mutanen da ban sani ba. Ba ka tambayi kowa a nan ba sai da na tuna maka. Lafiya lau kake, abokina. Ni ne nake yawo a titi da madara tana ɗumama a kujerar baya.

Ranar Lahadi na bi ta Irving Park ni kaɗai, a 'yar motata da ba ta iya tada ko tsuntsu. Bishiyoyi, ciyawa a aske, tsofaffi da fararen huluna. Wani ya ɗaga sanda ya buga, ƙwallon ta tafi inda yake so. Na rage gudu na kalle shi har ya ɗago min hannu cikin fara'a, na ɗaga masa. Da ka ga wannan da ka ce na kunyata mu duka.

A masallaci da farko kowace Juma'a sai an tare ni a bakin ƙofa ana tambayar labarinka. Yanzu mutum ɗaya ko biyu. Ba mugunta ba ce. Sababbi sun zo, akwai wanda ma yake tuƙa tasin da ka bari. Gari ya rufe gurbinka kamar yadda ruwa yake yi in an ɗebi guga. Wuri ɗaya ya rage da ramin yake a buɗe, shi ne ƙarƙashin bonet ɗin nan, kuma ni ne mai gadinsa.

Yau bayan an sauko Juma'a ban koma ofis ba. Na wuce wurin tsohon, na ce masa babban nake so. Ya ce na tabbata, da tsadar man nan? Na ce ban tabbata ba, a ɗora shi a mota kafin in dawo hayyacina. Malam Awudu zai fara aiki ranar Litinin.

Kada ka yi saurin fushi, ka karanta sauran. In ya gama, zan turo maka ita. Kwatano ɗin, kamar yadda ka ce. Ba zan riƙe motarka garkuwa ba don kawai ina so in ci gaba da zaton wata rana za ka ƙwanƙwasa min ƙofa ka ce me aka dafa. Na yarda ba za ka dawo ba, kuma na yarda ba hana ka kawai aka yi ba, kai ma ka isa inda za ka. Wannan jimlar ta ɗauke ni mako guda kafin in iya rubuta ta.

Amma ƙaramin inji, a'a. Wannan nawa ne, ra'ayina ne, halina ne, kuma mutum ɗaya mai irin wannan hali ya ishi abota. Ban yarda ka koma gida ka zama ni ba. Na san abin da zai biyo baya. Cikinta zai riƙa gogar ƙasa a kowane kwazazzabo. In wani abu ya lalace sai ka jira ni in aiko. Masu sayar da fetur a kwalba, 'yan ruwa-ruwanku, za su riƙa miƙewa tsaye in sun hango ka kamar gwamna ne ya zo. Kuma kowace kwalba da za ka ɗura mata daga ƙasarmu aka tsallako da ita, don haka Damagaram za ta ci gaba da rayuwa da arzikin Kano kamar yadda aka saba. Ba sai kullum za ka hau ta ba. Ka tada ta ranar da za a kawo maka mai muryar nan gida, unguwa ta san Lawali ne ya yi aure.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Allah Ya sa albarka a shagonka da gidan da kake shirin kafawa. Allah Ya kai motar nan lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, Ya tsare ƙarfe daga tuƙinka. Allah Ya sa wurin da ka zauna ya riƙe ka da alheri, ni kuma Ya koya min zama a nawa. In da rabon mu sake haɗuwa, Allah Ya sa a kan ƙafafunmu ne, da sauran ƙarfin gardama.

Ka bar min kujerar gaba. Kuɗin mai kuma kada ka dube ni.

Naka har kullum,
Bakanonka,
Malam Tijjani
Glenwood, Greensboro