Kwat ɗin Baba

Pelileo, 4 ga Disamba, 1949

Yaya Telmo,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu dai muna nan yadda girgizar ƙasa ta bar mu. Maƙwabta suna ta kaura zuwa sabon filin da aka yanka, amma Mama ta ƙi. Bangon ɗakinta ya tsage har hannuna yana shiga, kuma a ƙarƙashinsa take kwana. Ta ce in Baba ya dawo ya tarar ba kowa, ina zai nufa? Ka san ba a ga gawarsa ba. Duk Lahadi tana goge baƙin kwat ɗinsa ta rataye.

Jiya dattijon nan Don Baltasar mai aski ya zo roƙon kwat ɗin. Za su yi mutum-mutumin Tsohuwar Shekara su ƙone a daren ƙarshen shekara kamar yadda aka saba, amma duk unguwar babu mai tufa biyu sai wannan kwat. Mama ta kore shi da tsintsiya, tana cewa, "Tafi ka ƙone gemunka, tsohon banza." Ni kuwa ina tunanin in sace in ba shi. Wataƙila in ba ta ga kwat ɗin ba ta haƙura.

Ƙanwarka,
Zoila

Guayaquil, 13 ga Disamba

Zoila,

Na samu wasiƙarki, ina gaishe ki da Mama. Kada ki taɓa kwat ɗin. Watanni ke nan ina gyara sunayen matattun Pelileo a jaridarmu, kuma na ga abin da ke samun wanda aka ƙwace masa madogararsa da ƙarfi. Ban ga dacewar wasan wuta a garin da bai gama binne mutanensa ba. Ki faɗa wa Baltasar haka. Zancen bango kuwa, ki sa a tokare shi da itace kafin in sami hutu.

Yayanki,
Telmo

Pelileo, 26 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa. Daga can Guayaquil a bakin teku ai tokare bango da sauƙi. Itacen duk ya tafi akwatin gawa. Ruwan shekaranjiya ya zubo da tubali dab da matashinta.

Ban saci komai ba, ka kwantar da hankalinka. Amma an yi abin da ya fi tsorata ni. Mama da kanta ta cusa wa kwat ɗin ciyawa, ta ɗinke hannuwan, ta ɗora masa hular Baba, ta zaunar da shi a bakin ƙofa. Tana ajiye masa miyar dankali. Na ji tana kiransa da sunan Baba, tana ce masa, "Serafín, kai da ka ce zare kawai za ka sayo." Baltasar ya leƙo ya ce wa Mama, "Doña Carmelina, mu za a bai wa?" Ta ce, "Ka ga yana cin abinci, ko?"

Ban san ko ta shirya rabuwa da shi ba ne, ko kuwa hankalin ne ya tafi.

Zoila

Pelileo, 2 ga Janairu, 1950

Yaya Telmo,

Ina gaishe ka. An ƙone shi. Ita ta kira Baltasar, ta ce a ɗauke shi a hankali, bayansa na ciwo. Baltasar ya yafa baƙin mayafi zai yi kukan wasa a matsayin matar mutum-mutumin, yadda maza suka saba. Mama ta cire mayafin daga kansa ta yafa. Ta ce, "Matsa. Yana da matarsa." Ba wanda ya yi dariya.

Ta yarda a kwashe kaya zuwa sabon filin. Amma tun ranar ba ta ci komai ba, ba ta kuma yi magana ba. Ka bar jaridar ka zo.

Taka,
Zoila