Oba-obar Baba Ta Yi Shiru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare mana kai a inda kake. Mu ma lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har bakin titi take zuwa ba sanda, amma maganin hawan jini kam sai na tsaya a kanta kafin ta sha. 'Yar Yaya Dogo ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur.

Na zaɓi rubutu maimakon kiran waya ne don Inna ba ta matsawa in ina magana da kai, zancen kuma nata ne. Ka ce za ka nemo mata sabuwar oba-oba ka aiko. Don Allah dakata ka ji tukuna.

Ka dai san tsohuwar oba-obar da Baba ya bari tun yana aikin kwana-kwana, mai eriyar nan da aka ɗaure da zare. Tun da Dogo ya gaji aikin take kan durowar Inna, duk ranar da yake bakin aiki a kunne take yini, tana shuuu kamar ana suya. Ni ban taɓa tsintar kalma ɗaya a ciki ba, amma Inna ta san muryar kowa. In an gama kashe wuta, shugaban tawaga, wanda yanzu Dogo ne, yakan kira ya ce mutanensa sun fito duka, Inna kuwa ba ta kai loma baki sai ta ji Dogo ya faɗi haka.

To, ma'aikatarsu ta koma sababbin na'urori, wai dijital. Dogo ya zo yana ta zuba, wai murya tar take fita, ga jan maɓalli da in mutum ya maƙale cikin hayaƙi zai danna, ɗakin rediyo su san ko wane ne kuma ina yake. Wallahi na yi murna. Sai dai maganarsu a kulle take, ba na'urar waje da ke kama ta, har wadda kake shirin saya. Manyansu sun yi tunanin komai ban da tsofaffin da ke zaune a gida da kunne a kan tsohuwar tasha. Ranar da aka sauya, Inna ta yi ta murɗe-murɗe, ta sa na canza batir, daga baya ta ce ni na taɓa mata wajen shara. Na ce ni da oba-obar nan ko gaisawa ba ma yi.

Makon jiya da hantsi muka ji jiniya, wata na bin wata. Wani sito na katifa ne ya kama a bayan kasuwa, daga tsakar gida muna hango baƙin hayaƙin. Na kira Dogo, alhali na san wayoyinsu a kabad suke barin su. Inna ta zauna gaban oba-obar, ta miƙe, ta sake zama. Na tsorata da jininta, Yaya. Can sai ta ja mayafi ta ce in tsayar mata da tasi, ko ta tafi da ƙafarta.

Da muka isa ofishinsu ba mota ko ɗaya, sai takalma a jere da tiyo ana shanya. Wata mata ta leƙo daga ɗakin rediyo ta tambayi wa muke nema. Tana buɗe baki Inna ta gane ta, ta ce ai shekara da shekaru tana jin muryar nan, yau ga fuskar. Baiwar Allah ta ce doka ta hana kowa shiga, amma ta sa aka kawo wa Inna kujera gindin taga, ta buɗe tagar wai zafi ya dame ta, ta kuma ƙara muryar na'urarsu. Allah ya saka mata da alheri.

Sai ga muryar Dogo, tar, kamar yana tsaye a gefenmu. Amma ba maganar kaɗai ke fita ba. Muna jin yadda yake jan numfashi da ƙyar, muna jin tarinsa. Ya kira wani cikin mutanensa, shiru. Ya sake kira, muryarsa ta karye, wallahi ban taɓa jin Yaya Dogo haka ba. Da ƙyar mutumin ya amsa. An jima sosai kafin ya ce sun fito duka. Na ɗauka Inna za ta yi hamdala da ƙarfi yadda ta saba, sai na ga ta riƙe wuyan hannuna kawai, har wurin ya yi shaida.

A cikin tasi ta tambaye ni, ashe haka yake haki? Ta ce duk shekarun nan shuuu ɗin ne ke haɗiye numfashinsu, ita ta zaci a natse suke magana kamar masu ciniki a kanti. Ta ce ashe Baba ma haka yake jin tsoro, ya dawo gida yana dariya, ita kuma ta tare shi da faɗan ya sa wa zanin gado warin hayaƙi. Kuka na yi ta yi har direba yana ba ni haƙuri.

Da la'asar Dogo ya biyo, yana cika baki wai 'yar ƙaramar wuta ce. Inna ta tashi ta ɗauko kwano. Ta zuba masa abinci, ta zauna kusa da shi, ta ɗora tafin hannunta a bayansa har ya gama ci, shi kuma yana ta tambayata da ido ko lafiya.

Matar ɗakin rediyo ta karɓi lambata, ta ce za ta riƙa kira in sun fito. Inna ta ce hakan ya wadatar, ta sa na ajiye oba-obar cikin akwatin Baba. Saboda haka kada ka sayi komai. Abu ɗaya ta roƙa, ni ma shi nake roƙonka: kada Dogo ya san ta ji. Ta ce ta san halinsa, in ya sani zai fara danne hakin don kada hankalinta ya tashi, shi kuwa mai shiga wuta yana bukatar numfashinsa duka.

Ka gaida Anti da yara. Inna na sa muku albarka, Goggo da matar Dogo suna gaisuwa. Ka riƙa sa Dogo a addu'a.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta